Obadiya Tuge da Gonarsa Marar Inuwa

Wani abokin aikina, Mushe Abdul Razak (Mushe muke ce wa malamin boko), wanda ke koyar da Ingilishi a kolejin da ke kusa da makarantarmu a Tasawa, ya taɓa tare ni da wata kalma da ya tsinto a ƙamus. Doguwa ce, ya ce ko masu harshen ba su cika ɗauko ta ba sai in suna son a san sun yi karatu. Ma'anarta a cire abu tun daga saiwarsa yadda ba zai ƙara tofowa ba. Ana faɗinta ga itace, ana faɗinta ga ɗabi'a, har ga mutanen da aka raba da ƙasarsu. Ya tambaye ni ko Hausa tana da irinta. Na ce muna da ita, tana can ƙauye tana shan fura, ita ce ma ta haife ni.

Obadiya Tuge ake ce wa babana. In ka je Gidan Danda, ƙauyenmu da ke arewa da Kanan Bakashe, ka ce kana neman Obadiya, za a tambaye ka wanne, don su biyu ne a majami'armu. In ka ce Tuge, kowa zai nuna maka ƙofar. Ni ce Liza, 'yarsa ta uku. Innarmu sunanta Larai, kuma labarin nan rabinsa nata ne. Tun ina ƙarama na san burinta guda ɗaya, don ta faɗe shi a gabana tana hura wutar kara, hayaƙi na sa ta hawaye: "Ni dai kahin in mutu, in dahwa tuwo da iccen gonarmu, ko sau guda."

Ga yadda aka yi matar manomi ta wayi gari da irin wannan ƙaramin buri.

Lokacin samartakar Baba, wajen shekarun saba'in, noman gujiya, wato gyaɗa, ake yayi, malaman gona kuma suka zo da garmar shanu. Garma kuwa ba ta shiri da kututture. Da bakinta ya ci karo da saiwa sai ya lanƙwashe, ko shanun su firgita su ja mutum ƙasa. Aka ce manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes, ka hango wannan iyaka daga waccan. Sare itace kowa ya iya. Cire abin da ke ƙarƙashin ƙasa shi ne aiki, kuma nan Baba ya sami sana'a. Ba dogo ba ne, amma kafaɗunsa sun cika ƙofa, ga taurin kai da ya gada daga kakanmu Danda. Kayan aikinsa biyu ne, gatari da dagi, wannan dogon ƙarfen da ake haƙa rami da shi.

Har gobe in ka zaunar da shi zai yi maka bayanin aikin kamar mai wa'azi. Sai ka haƙa kewaye da kututturen, ka bar masa fili. Ka nemo saiwoyin gefe, ka bi kowace ɗaya har inda ta sirance ta koma kamar yatsa, can za ka yanke, ba kusa da gindi ba. In ka gama da na gefe sai ka shiga ƙarƙashi ka nemi uwar, wadda ta miƙe ƙasa neman ruwa. Ita ma ka bi ta har ta gaji. Sannan ka girgiza, ka ji ko akwai inda yake riƙe.

"Sara daban, tugewa daban," in ji shi. "Wanda ya sari icce aski ya yi mai, baɗi shi dawo da sabon gashi. Ni in na shiga wuri, ba shi dawowa."

Ya share gonakin mutane daga ƙauyenmu har wajen Mayahi. Amma ranar da sunan ya manne masa, a gonarsa ce. A kusurwarta ta gabas akwai wani tsohon gawo da mutum biyu ba sa haɗa hannu a kansa, wanda Danda ke hutawa a gindinsa. Malamin gona ya zaɓi gonar Baba don a nuna wa jama'a aikin garma, aka sa rana. Baba ya kayar da gawon, ya yi kwana uku a cikin rami. Ranar da aka sa, garin duk ya taru, aka ɗaura wa kututturen igiya shanu biyu suka jawo shi waje, malamin gona ya ce bai ga gona mai tsabta irin wannan ba a duk ƙasar Mayahi. A shekarar aka kawo Inna. Wannan gawon ta yi ta ƙonawa tana amarya, kuma shi ne itace na ƙarshe da ta samu daga gonar mijinta.

Sai zamani ya juya. Gujiya ta faɗi, fari ya zo, yunwar tamanin da huɗu ta ci shanun garmar. Ƙasa ta tsiraice. Iskar farkon damina, wadda da can itatuwa ke karya mata ƙarfi, ta sami hanya, ta riƙa kwasar rairayi tana binne hatsi yana ɗan tsiro. Bayan haka ne mutanen furoje, masu aikin raya karkara, suka zo da abin da ake kira sassabin zamani. Ba wani abin mamaki ba ne. Tsiron da ke fitowa kowace shekara daga tsofaffin kututture, wanda manomi ya saba sassabewa kafin shuka, aka ce kada a sassabe shi duka. A zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi a bari, a gyara musu rassa, a ɗaura ƙyalle don mai wucewa ya san da mai shi. Tunda saiwar tana nan da ranta a ƙasa, kafin shekara uku ya wuce tsawon mutum.

To, su waye suka ci ribar? Waɗanda suka yi aski. Maƙwabcin gonarmu, Baba Na Allah, Musulmi ne, sa'an Baba kuma abokin wasansa tun suna kiwon awaki. Shi bai taɓa mallakar garma ba, bai kuma taɓa barin dagin Baba ya shiga gonarsa ba, wai bayansa na ciwo ko ya ga wani na haƙa. Baba ya yi shekaru yana kiransa sarkin raggaye. Ragwancin nan kuwa ya yi masa rana. Gonarsa ta cika da gawo da kalgo da sabara da aduwa, hatsin da ke gindin gawo ya fi na ko'ina kai, awakinsa na cin 'ya'yan gawo da rani. Tamu tana manne da ita, fara fat, ba inda kaza za ta fake. Akwai shekarar da muka yi shuka sau uku, rairayi na binnewa.

Na tuna ranar da wani ma'aikacin furoje ya tara mutane a bakin rijiya, ya ce kowa ya zagaya gonarsa ya nemi tsiro, ko ƙanƙane ne. Ina da shekara takwas ko tara. Baba ya miƙe ya ce, "Kada ku wahalshe da kanku a tawa. Inda dagina ya shiga ba abin da ka hitowa." Aka yi dariya, wasu har da tafi. Ya zauna yana murmushi. Abin da ya kashe mana gona shi yake taƙama da shi, kuma a lokacin ni ma na ji daɗi, don babana ne ake wa tafi.

Inna ce ta ɗauki nauyin wannan tafi, a kanta kuwa, ba a baki ba. Da can itacen daji na kowa ne. Da sassabin zamani ya kafu, kowane itace ya zama da mai shi, ba ka taɓa reshen gonar wani sai ka nemi izini. Matar da mijinta ke da itatuwa tana zuwa gonarsu ta yi gyara ta ɗauro. Inna kuwa ko ta yi tafiyar rabin yini zuwa inda ba gonar kowa, ko ta dafa da kara da kashin shanu, ko ta je ta yi sallama a gidan Baba Na Allah. Matarsa Zara'u mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ɓata fuska ba. Kullum abin da take cewa ɗaya ne: "Haba Larai, ki ɗiba mana, ba sai kin tambaya ba." Inna kuwa ba ta taɓa ɗiba ba tare da ta tambaya ba. Na sha raka ta. Takan tsaya a ƙofar ta gyara ɗaurin zanenta, ta ja numfashi, sannan ta yi sallama. Da Zara'u ta kasance mai rowa da abin ya fi sauƙi, a ƙalla mutum ya sami wanda zai ji wa haushi.

Kada in zalunci Baba, ya yi ƙoƙari, ko in ce na ɗauka ƙoƙari yake. Shekara da shekaru yana zuwa Mayahi da amalanke ya ɗauko 'yan itatuwa a baƙaƙen ledoji daga gidan reno. Shi da yayana Kaleb su dasa, su kewaye da ƙaya, su yi ta jigilar ruwa a bido, wato jarka. Wanda gara ba ta ci ba, awaki suka ci bayan girbi. Wanda ya tsere wa awaki, zafin watan huɗu ya ƙone shi. Dashe a wannan rairayin sai mai tsananin rabo, don kafin saiwarsa ta kai ga danshi rani ya riga shi. Ba ko ɗaya da ya ga damina ta biyu. In Inna ta ga ya dawo da sababbi takan ce, "Allah shi raya," ta ci gaba da aikinta. Ni har ina ganin ba ta ƙarfafa masa gwiwa.

Yana da wata ɗabi'a da duk gidan muka sani. Sau biyu a shekara, kafin ruwan shuka da bayan an kai hatsi rumbu, in rana ta take kowa ya nufi gida, sai ya ce mu wuce zai duba iyaka. Ya saɓi hauya ya nufi kusurwar gabas. Ko a lokacin noma ba ya barin Kaleb ya taɓa wurin, yakan ce nan nasa ne. Da yake dattijon majami'a ne, kuma nan ne mazaunin mahaifinsa, muka ɗauka addu'a yake zuwa yi. Na taɓa ba 'yan ajina labarin a matsayin misalin mutum mai tuna iyayensa, Allah ya yafe mini.

Shekara huɗu da suka wuce yanar ido ta rufe masa gani. Ta daɗe tana zuwa yana musu, har ranar da ya gaisa da turmi ya ɗauka Inna ce zaune. Tun kafin a gama girbi ya daina iya zuwa gona shi kaɗai. Na ɗauko shi bayan Kirsimeti ya zauna wurina a Tasawa, muka jira layi, aka yi masa aiki a Maraɗi, ido ɗaya sannan ɗayan. Likita ya ce ba sunkuyo, ba ɗaukar nauyi, ba shiga rana. Wata shida ya yi a gidana, kuma ban taɓa ganin baƙo mai wahalar sha'ani irinsa ba. Abinci ba ya masa daɗi, katifa ta cika laushi. Da watan biyar ya kama, hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya ƙara rikicewa.

"Liza, kira mini Kaleb. Ki ce shi bi kusurwar gabas da hauya."

Na ɗauko waya. Kafin ta shiga ya ɗaga hannu.

"A'a, bari. Ce mai kada shi je wurin. Kada kowa shi je."

Washegari ya sake cewa a kira, ya sake cewa a bari. Na ce, "Baba, mi ke akwai a kusurwar gabas ɗin nan?" Ya ce tun yaushe 'ya'ya suka fara yi wa iyayensu tambayar alƙali. Na ƙudura a raina sai na gani.

Da aka ba mu hutu ƙarshen watan shida na mayar da shi gida. An riga an yi ruwan shuka, hatsi ya fito. Muka sauka daga mota wajen sha ɗaya, muka tarar Inna ba ta gida, matar Kaleb ta ce tun safe ta fita. Baba ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Ya jira masu barka da zuwa suka ragu, rana ta take, ya shiga ɗaki ya fito da hauya. Na ce likita ya hana. Ya ce iyaka kawai zai duba. Na bar shi ya yi nisa, na bi bayansa.

Tun daga nesa na ga abin da ban taɓa gani a gonarmu ba, wato wani abu a tsaye. Ɗan gawo ne, ya kai ƙugun mutum, kara biyu, an kewaye shi da ƙayar magarya. An ɗaura masa ƙyalle shuɗi, na kuma gane shi, bakin tsohon zanen Inna ne na zuwa majami'a. Ita kuma tana zaune a ƙasa kusa da shi, ta miƙe ƙafafu, ta yafa mayafi a ka saboda rana.

Baba ya tsaya. Ya juyo ya gan ni, ya mayar da kai wurin Inna.

"Larai, mi kike yi nan da rana tsaka?"

"Kai nike jira, Maigida. Sannu da hanya. Ya idon?"

"Da sauƙi." Ya gyara riƙon hauyar. Ya dubi ɗan itacen da sababbin idanunsa. "Wanga ai kashin akuya ne ya kawo irin. Ba shi rayuwa. Bari in kauda shi kada shi tare ma hatsi."

"Ba akuya ba ce," in ji Inna. Ta sa hannu ta share rairayin da ke gindin. Ga wani dunƙulallen kai kamar gwiwar raƙumi, duk tabon sara, sabo a kan tsoho, tsoho a kan wanda ya fi shi tsufa. "Ga sawun hauyarka nan, shekara bisa shekara. Gawon Baba Danda ne."

Sai a lokacin na gane addu'ar da ake zuwa yi. Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi wa mahaifina ba. Na tuna ledojin Mayahi da bidon ruwa. Na tuna ƙofar gidan Zara'u. Mutumin nan yana dasa abin da ya san zai mutu a gaban jama'a, yana zuwa a ɓoye yana kashe guda ɗayan da ya ƙi mutuwa.

"Yaushe kika gani?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"Ina goye da wagga," ta nuna ni da haɓa. "Na mance ƙwarya na dawo ɗauka, na hange ka."

Haushin nawa ya rabu biyu. Na ce, "Inna, shekara talatin da wani abu kin sani? Kina zuwa roƙon icce kin sani?"

"Ke, ba da ke nike ba." Sannan ta amsa mini duk da haka, ba tare da ta dube ni ba. "Gujiya ta tahi, shanu sun tahi, gona ta zama abin da ta zama. Sunan nan kaɗai ya rage mai. Na ce ni ina da wuya, in ɗauka." Ta juya wurinsa. "To yanzu wuyan ya ƙare, Maigida. Ko tulu ba ni iya ɗauka. Da ba ka nan na zo na iske shi ya kai gwiwata, na ce in bar shi mako guda in gani. Da ya kai nan kuma na kasa sare shi. Ban taɓa roƙonka komi a gonar ga ba. Wanga ka bar mini."

Na yi zaton zai sara. Na san babana, kuma hauyar tana hannunsa. Na riga na matsa don in riƙe ta, ko da za a ce Liza ta yi kokawa da ubanta a gona. Ya daɗe a tsaye, zufa na bin wuyansa. Sai ya fara magana, ba da ni ba, ba da Inna ba, kamar dai da ɗan itacen.

Ya ce saiwoyin gefe kwana ɗaya suka ɗauke shi. Uwar ce ta gagara. Kaurinta ya kai turmi, ta miƙe ƙasa sak. Ya haƙa har ramin ya shanye shi, ya ƙara haƙawa, ba ta ko fara sirancewa ba. Rairayi ya rufto masa sau biyu. Dagin ya lanƙwashe ya miƙar da shi a kan dutse. Ga malamin gona zai zo da safe, ga gari duk an gayyata. Da yammacin kwana na uku ya sa gatari ya datse ta inda bakin garma ba zai kai ba, ya mayar da ƙasa ya tattake. Damina biyu shiru, har ya ce ta mutu. Ta uku ta leƙo.

"Ta hi ƙarhina," ya ce. Ban taɓa jin wannan magana a bakinsa ba, ko a kan ciwo.

Can tsallaken iyaka Baba Na Allah na kishingiɗe a inuwar kalgonsa, ya rufe fuska da malfa. Baba ya dube shi. Da ya so, da ya ce wa gari akuya ce ta kawo iri, mu biyu kuma ba mai tona shi. Ya jingine hauyar a jikin ƙayar, ya ɗaga murya.

"Na Allah. Taho ka gani."

Tsohon ya taso yana jan ƙafa, ya yi wa Baba barka da ido, ya amsa gaisuwata. Ya leƙa cikin ƙayar, ya durƙusa ya shafa tabon da ke gindin. Manomi ne, ba ya bukatar bayani, amma ya tambaya.

"Tuge, mine ne wanga?"

"Gawon Danda ne. Ban tuge shi ba. Sara na yi, na ruhe."

Baba Na Allah ya miƙe a hankali yana dafa baya. Ya dubi Baba, ya dubi Inna, ya dubi gonar fara fat har ƙarshenta. Na ga ya so ya yi dariya, na ga kuma ya fasa, sannan ta ƙwace masa kaɗan.

"To barka da zuwa cikin raggaye, Obadiya. Mun daɗe muna aje maka wuri."

Ranar Lahadi bayan sujada Baba ya miƙe ya faɗa wa jama'ar majami'a da bakinsa, a taƙaice, kamar mai sanar da ɓatan akuya. Kafin kasuwar Kanan Bakashe ta ci labarin ya zagaya. An yi masa ba'a ta mako biyu ko uku, shi ke nan. Sunan ma bai canja ba, Tuge ake ce masa har yau. Wannan ya fi komai ba ni haushi. Abin da aka yi shekara arba'in da wani abu ana tsaro, ashe ba'ar mako uku ce.

Kada a ɗauka ya zama wani mutum dabam. Tun a ranar, kafin mu bar gona, ya duba inda Inna ta gyara rassan ya ce an ɓata aiki. Wai daga sama ta sara zuwa ƙasa, ɓawon ya yage, alhali daga ƙasa ake ɗaga wuƙa zuwa sama. Ya karɓi wuƙar ya gyara, yana sunkuyon da likita ya hana. Daga ranar ya ɗauke wa kowa kula da itacen. Ya ƙara ƙaya, ya yi faɗa da masu awaki, ya hana Kaleb kusantar wurin da garma. Tunda saiwar ta riga ta kai ruwa tun zamanin Danda, gawon bai yi wasa ba. Cikin shekara uku ya wuce Baba da hannu a miƙe.

Bara, ana saura mako biyu Ista, ya ce lokacin gyaran farko ya yi. Ya sare rassan ƙasa, ya kakkaɓe ƙayar, ya jera su a gindin su bushe. Inna ta riƙa zuwa kullum tana dubawa kada wani ya riga ta. Na zo hutu ranar Juma'a, ranar Asabar da safe muka tafi ɗauka mu uku.

Na dubi abin. 'Yan sanduna ne guda tara, babu wanda ya kai kaurin hannuna, ko ruwan koko da ƙyar su tafasa. Na ce ta kawo in riƙe a hannu. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ɗaure su da igiyar kalgo, ta naɗa gammo da mayafinta, ta ɗora a kan nan da ta ce ya daina ɗauka. Akwai gajeriyar hanya ta bayan gari da ke kai wa ƙofarmu. Ba ta bi ta ba. Ta bi ta tsakiyar gari, ta bakin rijiya inda mata ke jan ruwa, tana tafe a hankali tana amsa gaisuwa. Baba na biye da gatari a kafaɗa, ni ina bayansa.

Zara'u na zaune a ƙofar gidanta tana tsince wake. Ta ɗago ta ga ɗaurin.

"Larai, ina kika samo icce da sahen nan?"

Inna ta tsaya. Wannan karon ba ta gyara ɗaurin zane ba, ba ta ja numfashi ba. Ta sauke ɗan ɗaurin a gaban ƙawarta, ta kwance igiyar.

"Na gonarmu ne," ta ce. "Ki ɗiba mana, ba sai kin tambaya ba."

Zara'u ta dubi sandunan tara, ta dubi Inna. Ta ajiye faifan waken, ta goge hannu a zane, ta zaɓi mafi kauri ta ɗauka.